Ruwan Pompo da Haƙoran Takwara

A shekarun da na zauna unguwar Kalley a Yamai, gidan haya muke, irin mai ɗakuna jere suna kallon juna, da pompo guda a tsakar gida kusa da magudana. Duk mutanen gidan neman abinci ya kawo mu Yamai. Mijina tela ne a bakin babbar kasuwa. Ni kuwa ban da aikin gida ba ni da wata sana'a sai yawan magana, kuma saboda ita aka ba ni aiki. Asibitin unguwarmu ya nemi matan da za su riƙa shiga gida gida suna yi wa iyaye bayani kan lafiyar yara ƙanana, waɗanda ba su isa shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba. Matan unguwa suka ce ai ga wance nan, bakinta ba ya gajiya. Ban ji haushi ba, don ba ƙarya suka yi mini ba.

Wata madam, likitar haƙori, ita ta tara mu ta koya mana abin da za mu faɗa. Ta nuna mana hotunan bakunan yara, haƙora baƙi ƙirin, wasu sun gutsure har dasashi. Wata a cikinmu ta kau da kai. Madam ta ce abin da ke kawo wannan ba ɓoyayye ba ne: yaro ya wuni da kayan zaƙi a baki, in ƙishirwa ta kama shi a miƙa masa mai sukari. Ta ce mu gaya wa iyaye, in yaro ya nemi ruwa a ba shi ruwa, na pompo, tunda an tace shi kuma yana kusa da kowa. Ta ambaci wani sinadari mai suna fuliyor da ke ƙarfafa haƙori, wanda a wasu ƙasashe har zuba shi ake cikin ruwan pompo. Na ɗaga hannu na ce to namu fa? Ta ce ba za ta yi mini rantsuwa a kan yawansa ba, shi ya sa take so a haɗa da man goge baki mai ɗauke da shi. Abin da ta tabbatar kawai, ruwan pompo babu sukari a cikinsa. Ta ce mu nemi uwar yaro mu zauna da ita, don uwa ce mai ba da ruwa.

Na fito ina jin aikin ba wuya. Me zai yi wuya a cikin gaya wa talaka ya sha abin da ke tsakar gidansa?

Ɗakin da ke kallon nawa, wata tsohuwa ce a ciki, duk gidan Inna muke ce mata. Ɗanta direban taksi ne, shi da matarsa suna ɗakin da ke manne da nata. Matar yarinya ce shiru shiru, har ta haihu ba a daina kiranta amarya ba. Ɗiyarsu ta fari kuwa tun ranar yaye aka kai ta ɗakin Inna, can take kwana, can take ci. Sunan Inna aka sa mata, don haka Inna ke kiranta takwara, mu ma muka bi. Lokacin ba ta wuce shekara huɗu ba.

Inna na da firigo, shi ne dukiyarta. Takan je ƙaramar kasuwa ta sayo zoɓorodo da citta da lemun tsami, ta dafa, ta tace, ta zuba sukari da hannu sake, ta ƙulla a ƙananan ledoji ta sa su daskare. Bisaf ɗin Inna, wato ruwan zoɓorodon, da lemu-harinta na citta da lemun tsami sun yi suna a layinmu, ni kaina ba na wuce su. Takwara ce mai ɗanɗanawa. Tana zaune a gefen kakarta, duk tukunyar da aka sauke sai an ba ta ta ce ya ji ko bai ji ba. Daga safe zuwa yamma da leda a bakinta, ta huda kusurwar da haƙoran gaba ta yi ta tsotso, jan ruwan na bin haɓarta. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta sha ruwa fari ba. Kuma tun kafin in ga hotunan madam na san haƙoranta na sama sun fara yin wani rawaya rawaya a gindi, ban dai san sunan abin ba.

Tunda an ce uwa, sai na fara da amarya. Na same ta tana wanki a bakin pompo, na ja kujera na zauna na zuba mata duk abin da na koyo. Tana ta cuɗa rigar mijinta, ba ta ɗago ba.

Da na gama ta ce, "Yaya, ni mi ne nawa a ciki? Ɗiyar Inna ce."

Na san haka za ta ce. Ni ma da na haifi na farina ban kama sunansa ba, ban ɗauke shi a gaban surukai ba, in ya faɗi sai in duba wani wuri kamar ban gani ba. Haka muka taso, kuma ba a kiran wannan rashin so. Ita kuwa amarya nauyin biyu ne a kanta: ga kunyar ɗiyar fari, ga sunan uwar miji. In dole ta kama ta ambace ta, sai ta ce yarinyar nan.

Na tashi zan tafi, sai ta yi magana ƙasa ƙasa, idonta a kan kumfa.

"Yaya, wannan baƙin da ke fitowa a haƙoran ɗiyan mutane, in an goge yana fita?"

Na ce ba ya fita, amma ana iya tsayar da shi kada ya ci gaba. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da wankinta. Na koma ɗaki da sanin ta riga ni leƙa bakin yarinyar, Allah kaɗai ya san sau nawa.

Washegari na tunkari Inna. Ta tarbe ni da dariya, ta ce yau lokotoron gidanmu, wato likita, ta zo duba mu, ta miƙo mini bisaf mai sanyi. Na karɓa na sha, don ba a fara faɗa da mutum da ƙin abin hannunsa. Sannan na shiga bayani. Ta saurare ni har ƙarshe, tana ƙulla leda.

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, ruwan wanga da kike yabo, kin taɓa shinshina shi da safe? Warin jabel yake. Abin da muke wanke makewayi da shi, shi zan ɗura wa takwarata?"

Na ce, "Inna, kaɗan ne ake sawa don kashe cuta. In kin zuba a randa ya huce, warin fita yake. Kuma bisaf ɗin naki da mi kike dafa shi? Ba da ruwan pompon ba?"

"Ai wuta ta taɓa shi, sukari ya gyara shi."

"Sukarin ne ke cin haƙoranta."

Ta ajiye ledar ta dube ni. "Haƙoran nono ne. Duk faɗuwa za su yi, wasu su fito. Uban nata da kike gani, ni na raine shi, ki tai ki ƙirga haƙoransa."

Na ce lokacin da kika raine shi ba ki da firigo. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce bakin nan nawa wata rana sai ya sa an kore mu daga gidan. Da wasa muka rabu. Raina a ɓace yake, amma Inna ba mutum ce da ake iya riƙe fushi da ita ba. Ita ce mai riƙe mana yara in za mu unguwa, ita ce mai zama da mai jego.

Ban bari ba. Na sayo ɗan boros da man goge baki na kai, Inna ta sa albarka, ta adana su cikin kwalla tare da kayan da ba a taɓawa. Na roƙe ta ta daskarar da ruwa fari cikin leda, ko yarinyar za ta ruɗu. Ta yi mini wannan, don ta huta da ni. Takwara ta huda ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ta yar, ta faɗi ƙasa tana birgima. Inna ta jure ɗan lokaci, tana kallona tana kallonta, daga nan ta miƙa hannu cikin firigo. Ta ce ita ba ta iya jin kukan nan, in ni ina iyawa to zuciyata dutse ce. Na tare uban ma wata rana yana goge taksinsa a ƙofar gida. Ya sosa ƙeya ya ce wannan ai maganar mata ce, kuma shi ba ya sa baki a abin da ke ɗakin tsohuwarsa. Ya shiga mota ya ja.

Sauran gidajen unguwa ba su fi ba, ko da yake kowanne da nasa dalili. Wasu na ganin ba wa yaro ruwan pompo alama ce ta rashi, sai su ƙuntata su sayi na leda. Wasu pompon nasu mai gida ya sa masa kwado, sai lokacin da ya ga dama. Amma waɗannan in na fito na bar su can. Takwara kuwa kullum tana gabana. In na buɗe ƙofa da safe ita nake fara gani, ta yi mini murmushi da haƙoran da suka koma launin ƙasa, gefensu ya fara zaizayewa. Daga baya ta daina cin tuwo da zafi, ta koma tauna da gefe ɗaya. Nama kuwa sai dai Inna ta tattauna mata.

Cikin bazara abin ya fashe. Ta tashi da leɓen sama a kumbure, kafin azahar kumburin ya haura har gindin hanci, jikinta zafi rau. Inna ta daka kanumfari ta shafa, ta kawo rubutu ta ba ta. Wata maƙwabciya ta ce hangum ne, wata ta ce baki ne ya kama ta don kyanta. Yarinyar ba ta ma da ƙarfin kuka sosai, sai wani nishi da ke fitowa ta labule ya cika gidan. Amarya tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Na lura tiren nan ta tsince shi ta sake tsincewa, babu sauran tsakuwa ko ɗaya a ciki.

Ranar ban yi wasa da Inna ba. Na tsaya a ƙofarta na ce in ba ta ɗauko yarinyar ba ni zan ɗauke ta, ta kai ni ƙara duk inda take so. Ba ta yi gardama ba, don ita ma tsoro ya kama ta. A asibiti aka ba da magani aka ce sai kumburin ya sauka a dawo, haƙoran gaba na sama ba su da sauran gyara.

Ranar komawa, muna shirin fita, amarya ta yafa mayafi ta ce, "Inna, bari in riƙe muku jaka." Jakar ba ta da nauyin da za a riƙe wa wani. Muka tafi mu uku da yarinyar.

Likitan wani saurayi ne mai gajen haƙuri, da ganinsa ya gaji da irin wannan bakin. Ya leƙa ya tsaki, ya ce wace ce uwar yarinyar? Inna ta ce ita ce. Ya dube ta, ya dubi amarya da ke raɓe a bango da jaka, bai ƙara tambaya ba. Ya ce na gaba za su fita yau. Ya ce turamen ciki su ma sun fara, kuma su ba yanzu za su faɗi ba, da sauran shekaru. In aka ci gaba yadda ake, su ma nan za a kawo su, kuma sababbin da ake jira a cikin wannan bakin za su fito su tarar da abin da ya ci na farko. Ya ce a raba ta da kayan zaƙin nan, a ba ta ruwa. Maganata ce ta watanni, ba ƙari ba ragi, amma ban ji daɗin an gaskata ni ba.

Ni da Inna muka riƙe ta. Ba zan bayyana wannan ba. Na dai tuna tana kiran Inna, Inna, alhali Innar ce ke danne mata hannu. Na tuna kuma da na waiga, amarya ta juya fuskarta ga bango, ta cusa bakin mayafi cikin bakinta.

Mun dawo gida rana ta take. Matan gida duk suna inuwa, kowa na sannu. Aka shimfiɗa wa takwara tabarma, audugar bakinta ta jiƙe, tana ta sheshsheƙa. Da aka cire audugar ta ce ƙishirwa. Inna ta miƙe, ba tare da wani tunani ba, irin yadda hannu ya saba, ta buɗe firigo ta ɗauko bisaf, ta huda da nata haƙorin tunda yarinyar ba ta da na hudawa.

Na buɗe baki zan yi magana, amarya ta riga ni. Ta taso daga inda take, ta zare ledar daga hannun uwar mijinta.

Ta ce, "Inna, don Allah ya isa."

Ta jefa ledar cikin magudana, ta ɗauki kofi ta tara a pompo. Sannan ta juyo, a gaban kowa, ta kira yarinyar da sunanta na yanka, wanda shi ne sunan tsohuwar da ke tsaye a gabanta. Ta ce zo ki sha ruwa.

Wata ta ce subhanallahi a hankali. Ni da nake ta neman wanda zai tsaya wa yarinyar nan, sai da na tsorata. Takwara kuwa ta dubi uwarta kamar baƙuwa, don ba ta saba jin wannan muryar ta nufo ta ba. Ta rarrafa ta shige bayan zanen kakarta. Amarya ta tsaya da kofi a hannu.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki, muka ji tana buɗe kwalla. Ta fito da wata roba, ta jera kayan yarinyar a ciki, riguna da ɗan takalmi da boros ɗin da na saya, yana nan cikin kwalinsa. Ta ajiye a ƙofar amarya. Ta ɓamɓare hannun yarinyar daga zanenta.

Ta ce, "Ga ɗiyarki nan." Ta koma ta saki labule.

Da uban ya dawo ya ji, ya durƙusa a ƙofar tsohuwarsa ya yi ta ba da haƙuri. Amarya ma ta je ta durƙusa tana kuka. Dattijan gidan suka sa baki. Kowa amsa ɗaya ya samu daga Inna: ita ba ta yi fushi ba, ɗiya dai ta koma wurin uwarta, ina laifi? Ta ci gaba da gaisawa da kowa, ta ci gaba da dafa bisaf, sai dai yanzu a cikin ɗaki take ƙullawa, ta miƙo wa masu saye ta gefen labule. In takwara ta nufo ƙofar, sai ta ce, "Tai wurin uwarki."

Yarinyar ta yi kwanaki tana ƙin ruwan, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Amarya ba ta sassauta ba. Ta sayi ƴar randa ta ajiye a inuwa, tana cika ta daga pompo tun safe don warin ya fita. Ƙishirwar Yamai ba ta barin taurin kai ya daɗe, a ƙarshe ta sha. Aka fara goge mata baki safe da yamma. Da muka koma wurin madam na ba da labari a taƙaice, na ce a gidanmu an samu yarinya guda ta koma ruwan pompo. Matan suka tafa mini. Na ji kamar in tashi in fita.

Don ni na san abin da na baro a gida. Yarinyar da ke cika tsakar gida da surutu ta koma shiru. In za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe baki, don yaran layi sun fara kiranta mai giɓi. Tsakaninta da uwarta kuwa sai a hankali, kamar mutanen da aka haɗa tafiya ba su san juna ba. Ta koyi tara hannu a pompo ta sha da kanta. In ta sha, sai ta goge baki ta je ta zauna a dokin ƙofar Inna, ta jingina da bango, ba ta shiga, ba ta kira.

Wata rana da la'asar na kasa jurewa. Na tsallake yarinyar na ɗaga labule na shiga. Inna na zaune a bakin gado, ga tulin leda a gabanta ba ta ƙulla ba. Ta rame. Na ce mata ni ba a kan ruwa na zo ba yau. Na ce amarya ta yi kuskuren baki, ta kuma nemi gafara, to yarinyar me ta yi? Na ce wannan horon ya yi yawa, kuma ba wadda ta yi laifin ake horarwa ba. Na faɗi maganganu da yawa, wasunsu ba su dace da bakina zuwa kunnen tsohuwa ba.

Ta bari na gama. Sannan ta ce, da murya ƙasa don kada a ji daga waje, "Ke kina tsammani fushi ne? Na ji abin da lokotoro ya ce, kunnena ba su toshe ba. Ni na riƙe mata hannu. Amma in ta shigo nan ta dube ni ta ce Inna ba ni, wallahi ba ni iya hana ta. Na san kaina."

Na zauna kusa da ita a bakin gadon.

Ta ce, "Tana shan ruwan?"

Na ce tana sha.

"Haƙoran cikin ba su ƙara ruɓewa ba?"

Na ce da aka duba an ce sun tsaya.

Ta gyaɗa kai, ta jawo leda ɗaya ta fara ƙullawa. Ta ƙarƙashin labule muna ganin ƴan ƙafafun yarinyar, ta miƙe su a ƙasa tana kaɗawa.

Inna ta ce, "To bar ta nan waje. In za ki fita ki ja mini labulen da kyau."